Ajiyar da Gara Ba Ta Ci

Karatu: Luka 12:13-34, 1 Timoti 6:6-19

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa da ke Nguru da Gashuwa da ƙauyukan bakin kogi, ko wane yare ake yi a gidanku: Bade, Karekare, Ngizim, Bura, Margi, Angas ko wani. Hausa ce ta haɗa mu a wannan shiri, jinin Almasihu kuwa shi ya mai da mu iyali ɗaya.

Maganarmu ta yau a kan kuɗi ce, da kayan da muke saya da su. Wani zai ce, "Malam, wannan wa'azin na masu hali ne. Mu abin da za mu sa a tukunya muke nema." Ɗan'uwa, ka yi haƙuri ka saurara har ƙarshe. Taron da Yesu ya yi wa wannan koyarwa yawancinsu manoma ne da masunta da 'yan ƙwadago, mutanen da suka san yunwa. Duk da haka ya ga suna bukatar gargaɗi.

Mene ne son abin duniya?

A Luka sura 12, Yesu yana cikin koyarwa sai wani mutum ya ɗaga murya daga cikin taro, yana so Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Mai yiwuwa ma yana da gaskiya. Amma Yesu ya ƙi zama alƙalin rabon gado. Ya juya ga taron ya ja musu kunne a kan kwaɗayi, ya nuna musu cewa ba a auna ran mutum da tarin kayan da ke ɗakinsa.

Mu lura da kyau, Littafi Mai Tsarki bai ce dukiya zunubi ce ba. Ibrahim yana da dabbobi da azurfa da zinariya. Lidiya 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafi masu tsada, a gidanta ne masu bi na Filibi suka taru. Yusufu mutumin Arimatiya mai arziki ne, a kabarinsa aka sa jikin Ubangiji. A 1 Timoti 6:10 Manzo Bulus ya ɗora laifin a kan son kuɗi. Ya kwatanta shi da saiwa a ƙarƙashin ƙasa, wadda miyagun abubuwa iri iri suke tsirowa daga gare ta.

To, mene ne son abin duniya? Shi ne mutum ya ɗauki abin da Allah ya ba shi don amfani, ya ɗora shi a mazaunin Allah. A kansa yake dogara, da shi yake auna darajarsa da ta mutane, kuma in ta kama zai yi zunubi don ya same shi. Shi ya sa a Kolosiyawa 3:5 Bulus ya sa kwaɗayi a layi ɗaya da bautar gumaka. Iyayenmu da yawa sun ƙone kayan tsafi ranar da suka karɓi bishara. Abin baƙin ciki ne gunki ya fita ta ƙofa, sa'an nan ya dawo cikin kwali daga kasuwa.

Wannan cuta ba ta tambayar nauyin aljihu. Mai miliyan yana iya riƙe dukiyarsa da hannu a buɗe, mai naira dubu kuma ya kwana yana cizon yatsa saboda babur ɗin maƙwabcinsa.

Zai taimake mu mu raba abin da muke saya kashi uku. Akwai bukata: abinci, sutura, wurin kwana, magani, makarantar yara. Akwai sha'awa: abin da ke ƙara wa zama daɗi, ba laifi ba ne idan da hali. Sai kuma gasa: abin da ka saya don kawai wane ya saya. Bukata tana da iyaka, gama ciki in ya cika ya cika. Gasa kuwa ba ta da ranar ƙarewa, domin kullum akwai wanda ya fi ka.

Abin da garuruwanmu suka gani

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Tarihin garuruwanmu ya ishe mu wa'azi.

A shekarar 1930 hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta iso Nguru, ta tsaya a nan. Garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da ƙaro da fatu da ƙiraga, ana kuma tura shanu da nama zuwa kudu. Mutane suka zo daga ko'ina neman aiki da ciniki, cikinsu har da iyayen wasu da ke sauraronmu yau. A lokacin, wanda yake da hannu a cinikin gyaɗa gani yake ya gama da talauci har jikokinsa. Sai fari ya zo daga 1972 zuwa 1974. A 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa a arewacin ƙasar nan. Cikin 'yan shekaru dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari, harkar jirgin ƙasa ma ta ja baya.

A wannan shekara ta 1975 ne ma'aikatan gwamnati suka karɓi kuɗin Udoji, wato ƙarin albashi tare da na watannin baya a dunƙule. Dattawa suna tunawa da yadda aka yi rububin rediyo da keke da babur, da yadda farashin kaya ya tashi nan da nan. Ba a cika shekara goma ba sai ga mutane a layi suna jiran sabulu da madara da shinkafa.

Kogin ma da muke ci daga gare shi ya canja. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ruwan da ke malala a fadamun Haɗeja da Nguru ya daina zuwa yadda aka saba. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ta cinye gonaki da wuraren su. A 2022 kuma ambaliya ta shiga gidaje da gonaki a Gashuwa da kewayenta, mutane suka ga katifa da buhunan hatsi suna yawo a kan ruwa.

Ba mu manta da 4 ga Nuwamba 2011 ba, ranar da aka kai hari Damaturu, aka kashe mutane da yawa, aka ƙone majami'u a unguwar Jerusalem. A watannin da suka biyo baya iyalai masu yawa sun bar jihar Yobe. A Afrilu 2021 mutanen Gaidam, Musulmi da Kirista, suka gudu zuwa Gashuwa da wasu garuruwa. Ku tambayi duk wanda ya taɓa gudun rai abin da ya ɗauka. Uwa ta goya ɗa, ta riƙe hannun wani. Kujerun da aka yi shekara biyu ana biyan bashinsu, a ɗaki aka bar su.

A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, mai kuɗi a banki ya rasa tsabar da zai sayi kwanon gero. A ranar 29 ga Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki farashinsa ya ninka fiye da biyu, kayan masarufi suka bi shi.

Karin Magana 23:5 ya kwatanta dukiya da tsuntsu mai fikafikai, kana kallonta sai ta tashi. A Matiyu 6:19-21 Yesu ya ambaci asu da tsatsa da ɓarawo. Mu a nan muna iya ƙarawa da gara da ambaliya da faɗuwar naira. Bahaushe ya ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Abin da za a iya ƙwace maka cikin dare ɗaya bai isa ka jingina ranka a kansa ba.

Rumbu biyu

Wani zai ce, "Ashe ke nan kada mu yi ajiya?" A'a. Akwai rumbu biyu a Littafi Mai Tsarki, sai mu gane bambancinsu.

Na farko rumbun Yusufu ne a Masar (Farawa 41). Allah ya nuna cewa shekara bakwai na ƙoshi suna zuwa, bakwai na yunwa kuma suna biye. Yusufu ya ba da shawara a riƙa ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona ana ajiyewa. Da yunwa ta zo ya buɗe rumbunan, Masarawa suka rayu, ƙasashen kewaye suka rayu, har da 'yan'uwansa da suka sayar da shi.

Na biyu rumbun mai arzikin nan ne na Luka 12. Gonarsa ta yi albarka har ya rasa wurin zuba hatsi. Bai yi sata ba, bai cuci kowa ba. Ya yanke shawara ya rushe rumbunansa ya gina manya, sa'an nan ya miƙe ƙafa ya ci ya sha shekara da shekaru. Ku karanta maganarsa a hankali, za ku ga daga shi sai ransa. Bai ambaci Allah da ya ba da ruwan sama ba. Bai ambaci 'yan ƙwadagon da suka yi noma ba, balle gwauruwar da ke bayan danga. Allah ya kira shi wawa, domin a daren nan za a karɓi ransa, kayan kuwa su zama na wani. Ana bikin duniya ake na ƙiyama.

Duka biyun sun yi ajiya. Yusufu ya ɗauki kansa mai riƙon amana, mai arzikin ya ɗauki kansa mai kaya. Yusufu ya tara don a rayu, wancan ya tara don ya huta shi kaɗai. Saboda haka manomin da ya ajiye geron da zai kai iyalinsa wata kaka, da ma'aikacin da ke ware kuɗin makaranta da na asibiti, suna kan hanyar Yusufu. Karin Magana sura 6 ma ta aike mu wurin tururuwa mu koyi tanadi. Abin mamaki shi ne, son abin duniya yakan hana mutum ko wannan tanadin mai kyau, domin kwaɗayin yau yakan cinye abincin gobe.

Hanyoyin da kuɗi ke bi su fita

Bari mu duba inda wannan abu yake kama mu a gidajenmu.

Na ɗaya, Kirsimeti da anko. Murnar haihuwar Mai Ceto abu ne mai kyau, ɗinka wa yara sababbin kaya kuma ba laifi ba ne. Amma ku duba lokacin. Kirsimeti yana zuwa bayan kaka, sa'ad da hatsi yake da araha domin kowa yana sayarwa. Manomi ya kwashi gero da wake da shinkafa ya kai kasuwa don atamfa da takalma da akuya. Ɗan kasuwa ya saya ya ajiye. A watan Yuli da Agusta, rumbu ya zama wayam, sai manomin ya koma ya sayi hatsin nan da tsada, wani lokaci da bashi. A Janairu kuma ga kuɗin makaranta. Haka nan anko: na zumuntar mata, na mawaƙa, na matasa, na aure, na taron shekara. Akwai 'yar'uwa da takan zauna a gida ranar Lahadi don ba ta da ankon da aka fitar. Idan tufa ta hana gwauruwa shiga sujada, to, Yakubu sura 2 da mu take magana.

Na biyu, aure da jana'iza. Saurayi da budurwa masu bi sukan yi shekaru suna jira saboda akwatunan lefe da kayan ɗaki da kuɗin biki, har wasu su faɗa cikin zunubi. Wasu kuma sukan shiga ɗakin aure da bashin da zai ci shekara biyu, faɗan farko na gidan kuwa a kansa ne. A wajen rasuwa, mun ga inda mara lafiya ya rasa kuɗin magani, amma da ya mutu aka sami kuɗin akwati mai tsada da riguna masu hotonsa da abincin ɗaruruwan mutane. Girmama mamaci daidai ne. Amma marayun da ya bari za su ci abinci bayan baƙi sun watse.

Na uku, waya. Dā sai ka je kasuwa kake ganin abin da ba ka da shi. Yanzu kasuwar tana aljihunka, tana bin ka har kan tabarma. A Facebook da TikTok kowa yana nuna ranar da ya fi kyau, ba mai nuna takardar bashinsa. Sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo. Mu yi ɗan lissafi. A ce saurayi yana sa data ta naira 500 kowace rana. A wata naira 15,000 ke nan, a shekara naira 180,000. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa a 2024 naira 70,000 ne a wata. Wato abin da ya tafi a kallo ya fi albashin wata biyu da rabi na ƙaramin ma'aikaci. Waya tana da amfani ga ciniki da karatu da zumunci. Sai dai kowa ya tambayi kansa, shi ke riƙe da wayar ko ita ke riƙe da shi.

Na huɗu, bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma akwai bashin dole, kamar na asibiti ko na iri da taki. Wanda muke magana a kai shi ne bashin ado. Malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, ɗan sanda, kafin albashi ya shigo an riga an raba shi tsakanin mai shago da mai atamfa da mai kujeru. Karin Magana 22:7 ya nuna cewa wanda ya ci bashi ya sa kansa ƙarƙashin ikon mai ba da rance. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na biyar, neman kuɗi ba gumi. MMM ta yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, a Disamba 2016 ta rufe asusun mutane ana dab da Kirsimeti. A Afrilu 2025 CBEX ta rushe da kuɗin jama'a masu yawa. Yadda irin wannan ke aiki ba asiri ba ne: da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko, ranar da sababbi suka ragu sai ginin ya faɗi. Abin takaici, sau da yawa ɗan'uwa ne yake jawo ɗan'uwa a ƙofar majami'a. Cacar ƙwallo ma 'yar gidan ce. In da mai shagon caca asara yake yi, da ya rufe tuntuni. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na shida, wa'azin da ke mai da Allah ɗan kasuwa. Ana ce maka ka shuka dubu goma ka girbi miliyan, in kuwa kana talauci bangaskiyarka ce ta gaza. A 1 Timoti 6:5 Bulus ya yi kashedi a kan masu ɗaukar ibada hanyar samun riba. Shi kansa Bulus ya sha yunwa da ƙishirwa da rashin sutura, ba kuwa don bangaskiyarsa ta gaza ba. Muna bayarwa domin Allah ya riga ya ba mu Ɗansa. Baiko godiya ce, ba jari ba ne.

Abin da ake asara

Asarar ba ta tsaya a aljihu ba.

Ana asarar shaida. A Nguru da Gashuwa mu kaɗan ne, idon maƙwabta kuwa yana kanmu. Da yawa cikinsu ba za su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, amma suna karanta mu kowace rana. Mai bi da ke canja hanya don kada ya wuce ƙofar shagon da ake binsa bashi, da wane baki zai yi wa mai shagon maganar Yesu? Akwai kuma jarabar cewa, tun da an raina mu, bari mu nuna mu ma mun isa. 'Yan'uwa, darajarmu an biya ta a kan gicciye. Leshi ba zai ƙara mata kome ba.

Ana asarar ikon taimako. Kowa a ƙasar Bade ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi iyalai a Gashuwa da kewaye. Wanda abin ya sama ya san kuɗin mota zuwa Nguru ko Damaturu ko Kano, da na gwaji, da na magani, da na masu jinya. Ranar da irin wannan ta sami ɗan'uwa, ikkilisiyar da ta ƙarar da ƙarfinta a kan biki sai ta tsaya da "Allah ya sawwaƙe" kawai. 1 Yahaya 3:17 yana tambayar inda ƙaunar Allah take a zuciyar wanda yake da abin hannu, ya ga ɗan'uwa cikin rashi, ya kau da kai.

Mafi muni, ana asarar rai. Isuwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon abinci ɗaya. Gehazi ya bi Na'aman a guje don azurfa da riguna, ya dawo da kuturta. Dimas ya yi aiki tare da Bulus, daga baya ƙaunar duniyar nan ta janye shi. Har yau akwai masu barin Almasihu saboda aiki ko muƙami ko aure na gidan masu kuɗi. Ba a rana ɗaya abin yake faruwa ba. A misalin mai shuka, irin da ya faɗa cikin ƙaya ya tsiro sosai, a hankali ne damuwar duniya da ruɗin dukiya suka shaƙe shi.

Ku tuna da ikkilisiyoyi biyu a Wahayin Yahaya. Lawudikiya birni ne na masu kuɗi, sananne a harkar ajiyar kuɗi da baƙin ulu da maganin ido. Da girgizar ƙasa ta rushe shi wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu, mutanensa suka sake gina shi da kuɗinsu, ba su nemi taimakon Roma ba. Ikkilisiyar birnin ta ɗauki wannan hali, tana ganin ba ta rasa kome ba. Yesu kuwa ya gan ta matalauciya, makauniya, tsirara, shi kansa yana waje a bakin ƙofa. Ikkilisiyar Simirna tana cikin tsanani da talauci, amma ita ce Ubangiji ya kira mai arziki. Ma'aunin sama dabam yake da na kasuwa.

Wadar zuci koyonta ake yi

Maganin kwaɗayi shi ne wadar zuci. A Filibiyawa sura 4 Bulus, yana ɗaure a kurkuku, ya ce shi ma koya ya yi, ya san zaman ƙoshi ya san zaman yunwa, Almasihu ne kuwa yake ba shi ƙarfi. Wadar zuci ba lalaci ba ce. Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti da hannunsa. Ka yi noma da ƙarfinka, ki yi sana'arki da himma, ku tura yara makaranta har jami'a. Amma zuciya ta huta a kan Uban da ke ciyar da hankaki, wanda ba shi da gona balle rumbu. Ku dubi tsuntsayen da ke sauka a Dagona kowace shekara lokacin sanyi, daga ƙasashe masu nisa, ba guzuri ba jaka. Wanda ya kawo su ya san sunanka.

Yesu ya kuma nuna mana inda za mu kai ajiya. Duk abin da aka bayar saboda sunansa, ga mayunwaci, ga maraya, ga aikin bishara, ya shiga wurin da gara ba ta kaiwa. Ya ce zuciya takan bi ajiya duk inda aka kai ta. In kana so zuciyarka ta karkata ga Mulkin Allah, fara tura dukiyarka can. Ikkilisiyoyin Makidoniya suna cikin matsanancin talauci, duk da haka roƙo suka yi a bar su su taimaki 'yan'uwa na Yahudiya (2 Korantiyawa 8). Ba wanda ya yi ƙanƙanta da bayarwa.

Ga abubuwa shida da kowane gida zai iya farawa da su.

1. Miji da mata su zauna tare su rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita na wata ɗaya, ba ɓoye-ɓoye. In ba mai rubutu, yaro ɗan makaranta ya taimaka.

2. Ku sa abubuwa bisa tsari: zakka da baiko, abincin gida, makaranta, magani, biyan bashi. Abin da ya ragu shi ne na sha'awa. Manomi ya ware abincin shekara da iri kafin ya kai ko kwano ɗaya kasuwa.

3. Kafin ku sayi babban abu, ku bar shi ya kwana bakwai kuna addu'a. Ku tambayi kanku: bukata ce, sha'awa ce, ko gasa? In ba wanda zai gani, za mu saya?

4. Kada ku ci bashi don biki ko ado. Wanda ake binku, ku je da ƙafarku ku sami mai shi, ku yi magana, ku riƙa biya ko kaɗan kaɗan ne.

5. Fastoci da dattawa da shugabannin zumuntar mata su rage wa jama'a nauyi. A taƙaita anko, kada a mai da shi dole. A ƙarfafa aure mai sauƙi. A kafa rumbun ikkilisiya: in gida 40 suka kawo kwano biyar biyar da kaka, an sami kwano 200 da za a raba wa gwauraye da marayu da marasa lafiya a watan Agusta.

6. Ku koya wa yara. Su ji kuna godiya a kan tuwo da miyar kuka. Su ga kuna bayarwa. Su ji kalmar "ba mu da halinsa yanzu" ba tare da kunya ba.

Mai sauraro, wataƙila kai ba ka taɓa ba da ranka ga Yesu ba. Shi mai dukan arzikin sama ne, ya zama matalauci saboda kai. An haife shi an kwantar da shi a komin dabbobi, an binne shi a kabarin wani, ya tashi daga matattu a rana ta uku. A Markus 8:36 ya yi tambayar da har yau ba ɗan kasuwar da ya amsa: ina ribar wanda ya mallaki duniya duka in ransa ya salwanta? Gafarar zunubi da rai madawwami ba a sayensu da naira. Kyauta ce ga duk wanda ya tuba ya gaskata. Kada ka jira sai ka gama gina rumbu.

Tambayoyi don tattaunawa a gida

1. Mene ne bambancin rumbun Yusufu da na mai arzikin Luka 12? Wanne namu ya fi kama da shi?

2. Cikin abin da muka saya a wata uku da suka wuce, wanne ne bukata, wanne ne sha'awa, wanne ne gasa?

3. Wane ne a ikkilisiyarmu ko unguwarmu da za mu iya taimaka wa a wannan mako?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ruwa da gona da kogi da ƙarfin yin aiki duka daga wurinka suke. Ka tsare zukatanmu daga kwaɗayi da gasa. Ka ba mu abin da zai ishe mu, ka koya mana wadar zuci. Ka buɗe hanya ga waɗanda bashi ya danne, ka taɓa marasa lafiya, ka tuna da gwauraye da marayu. Ka sa hannuwanmu su zama a buɗe, domin maƙwabtanmu su ga Almasihu a zamanmu. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Ubangiji ya kiyaye ku da iyalanku.